Yara masu ciwon ƙwaƙwalwa: wa zai kama wa iyayensu?

Ranar 2 ga watan Satumba na shekara ta 2025, ƙungiyar duniya mai kula da kiwon lafiya, watau OMS, ta fito da sakamakon wani babban bincike a kan ciwace-ciwacen ƙwaƙwalwa da taɓin hankali. Lissafin ya nuna cewa mutum fiye da miliyar ɗaya ke fama da ɗaya daga cikin waɗannan ciwace-ciwace, alhali kuwa gwamnatocin duniya, in an ɗauki tsaka-tsaki, kashi 2 cikin ɗari kawai na kuɗin kiwon lafiya suke ware wa wannan fanni. A ƙasashe masu arziki ana kashe wa mutum guda har dalar Amurka 65 a shekara, watau jika 35 da ɗoriya. A ƙasashe marasa ƙarfi kuwa, abin da ke faɗa wa mutum guda bai kai dala 5 na kuɗin sefa ba, kuɗin da ko ƙulli ɗaya na gishiri da wuya ya saya.

Yara da matasa suna da babban rabo cikin wannan lissafi. OMS ta ce cikin yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana ɗauke da irin wannan ciwo. A watan Oktoba na 2024 kuma, ita da UNICEF sun tunatar da hukumomi cewa kashi ɗaya cikin uku na waɗannan ciwace-ciwace yana somawa kafin yaro ya cika shekara 14, rabinsu kuma kafin ya cika 18. A ƙasa irin Nijar, wadda ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyon 17 cikinta, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba, wannan magana ta shafi kowace unguwa da kowane ƙauye.

Da zarar an ce taɓin hankali, abin da ke zuwa a ran yawancin jama'a shi ne mahaukacin da ke yawo cikin kasuwa da tsummoki, yara na bin sa da jifa. To, wannan ɗan yanki ne kawai na al'amarin. Akwai yaron da ya kai shekara 5 bai yi magana ba, ba ya kallon idon uwarsa, ba ya wasa da tsaransa. Akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, yana fasa kaya, yana dukan ƙannensa, duka da faɗa ba su ƙara masa kome sai taurin kai. Akwai yarinyar da ta daina cin abinci, ta daina barci, ta daina dariya tun ranar da aka kai hari garinsu. Akwai saurayin da tramol ya juya wa kai. Akwai kuma mai farfaɗiya, wadda a wurin likitoci ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce, ba hauka ba, amma da yake wulaƙancin da mai ita ke sha iri ɗaya ne, OMS ta haɗa su cikin tsari guda.

Sanadin ciwon ma ba ɗaya ba ne. Wani da shi aka haife shi. Wani doguwar naƙuda ce ta hana iska isa ƙwaƙwalwarsa ranar haihuwa. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai, wani tamowa ce ta daƙushe shi tun yana goye. Nijar tana tsakiyar yankin da sanƙarau ke yi wa ɓarna lokacin rani. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum wajen dubu 250 a Afirka, ta kashe wajen dubu 25, kuma a ƙiyasin OMS, cikin mutum 5 da suka tashi daga wannan ciwo, ɗaya yakan saura da wata naƙasa: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin fahimta. Rigakafin da aka soma a 2010 ya rage ɓarnar ƙwarai, amma waɗanda ciwon ya riga ya taɓa suna nan cikin gidaje. Bayan haka ga tashin hankali. Tun harin Boso da Difa na watan Fabrairun 2015, da gudun hijirar da ya kawo dubban iyalai cikin gundumar Gidan Rumji daga 2019, da ɗaruruwan makarantun da ke rufe a jahar Tilaberi a 2023, yara da yawa sun ga abin da babba ma ba ya iya ɗauka.

Abin da ke faruwa cikin gida

Wanda yake so ya gane nauyin wannan abu, sai ya leƙa cikin gida, don a nan ne ake ɗaukarsa dare da rana. Kusan kullum uwa ce ke ɗauka. Ita ce ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ba ta zuwa kasuwa, don babu mai karɓar mata yaron ko na awa guda. In tana da ɗan abin sayarwa, ƙosai ko fura, sai ciniki ya ja baya, domin maƙwabta suna tsoron wai farfaɗiya tana yaɗuwa ta miyau, abin da ba gaskiya ba ne ko kaɗan. Kishiya ta yi habaici, uwar miji ta ce a dangin uwa aka gado abin, wasu su ce sammu ne, wasu su ce aljanu suka musanya jaririn tun yana cikin zane. Ƴan'uwan yaron mata kuma, in sun isa aure, sai masu nema su riƙa janyewa ba tare da sun faɗi dalili ba. Aure da dama ya mutu a kan wannan, uwa ta koma gidan iyayenta da yaron da kowa ke gudu.

Neman magani yakan bi hanya ɗaya. A soma da rubutun sha da tofi wurin malam, a wuce wurin boka, wani lokaci a kira ƴan bori. A sayar da akuya, a sayar da tunkiya, a jinginar da gona. Sai ƙarfi ya ƙare sa'an nan a tuna da gidan likita, in an tuna. In hanya ta toshe ta ko'ina, sai igiya, ko mari, ko turu. A shekara ta 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa a ƙasashe 60 na duniya ana ɗaure masu taɓin hankali, har da yara. Wannan ɗauri abin ƙi ne, yana gurgunta gaɓoɓi, yana ƙara ciwon. Amma wanda zai yi hukunci ya kamata ya san cewa uwar da ta ɗaure ƙafar ɗanta a turken tsakar gida kafin ta tafi rijiya, sau da yawa ba mugunta ta sa ta ba. Tsoro take yi kada ya faɗa wuta, ko ya shiga daji ya ɓace, kuma ba ta da wanda za ta bar wa shi. Hana ɗauri da baki kawai, ba tare da an ba ta wanda zai kama mata ba, ba ya kwance igiya.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara a 1990, da ta haƙƙin naƙasassu a 2008. Tun 2006 aka kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma a watan Agustan 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a gidajen likita na hukuma. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da ɓangaren masu taɓin hankali, wanda jama'a suka fi sani da Pavillon E. Tsarin da OMS ta ƙaddamar a 2008, mai suna mhGAP, yana koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita su gane waɗannan ciwace-ciwace su yi maganinsu, ba sai an jira babban likitan ƙwaƙwalwa ba. Duk wannan ci gaba ne. Sai dai ƙwararrun ƴan kaɗan ne, yawancinsu kuma suna manyan birane. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce. Ko an dace da ma'aikacin da ya san aikinsa, ganawar minti 15 ce cikin wata. Sauran kwana 29 da ɗoriya, uwa ce da yaronta. Ragin kuɗin asibiti bai shafi kuɗin mota ba, bai shafi yinin da aka rasa a gona ba, balle kaɗaicin da ke cin mutum.

Abin da aka gwada a wasu ƙasashen Afirka

Tunanin cewa iyali da gari suna cikin magani ba baƙo ba ne a wannan nahiya. A 1954, likita Thomas Adeoye Lambo ya ƙi ya kulle marasa lafiya bayan katanga a asibitin Aro, kusa da Abeokuta a Najeriya. Ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye suka ba da masauki, kowane majinyaci yana zaune tare da wani ɗan'uwansa, uwa ko inna ko yaya, da safe a je asibiti, da yamma a komo cikin mutane. A Dakar kuma, tun daga 1959, likita Henri Collomb da abokan aikinsa na asibitin Fann suka sa ƴan rakiya su zauna da majinyata, suka kuma kafa wani zama irin na dandalin ƙauye, inda likita da majinyaci da dangi kowa ke da bakin magana. Abin da aka lura da shi a wuraren nan biyu shi ne, dangin da suka zo jinya suna koya wa juna abin da likita bai koya musu ba.

Gwajin da ya fi kusa da maganar yara an yi shi a Uganda, yankin Masaka, tsakanin 2016 da 2021. Masana na ƙasar da na Amurka suka ɗauko wata dabara ta tara iyalai da yawa wuri ɗaya, suka gyara ta daidai da al'adar wurin, suka sa mata suna Amaka Amasanyufu, watau iyalai masu farin ciki a harshen Luganda. Yara ne masu shekara 8 zuwa 13, cikinsu har da waɗanda rashin ji da tada hankali ya wuce na ƙuruciya. Mako-mako ake taruwa a makarantar gari, har zama 16, iyaye da yara tare. Abin da ake tattaunawa babu wanda ya fi ƙarfin talaka: dokokin gida da yadda za a tsaya a kansu ba da bulala ba, aikin da ya rataya a kan kowa, zaman lafiya tsakanin iyaye da ƴaƴa, magana cikin mutunci, yadda za a yi da damuwa in ta yi yawa, da kuma inda za a nemi tallafi. Muhimmin abu shi ne masu jagorancin zaman. A wasu makarantu ma'aikatan kiwon lafiya na ƙauye ne, a wasu kuwa iyaye ne kamar kowa, aka zaɓa aka horar. Da aka auna, sai aka ga yaran ɓangarorin nan biyu sun samu sauƙi fiye da na makarantun da ba a yi zaman ba. Ke nan uwa ko uban da aka horar, aka kuma riƙa bin sawun aikinsa, yana iya riƙe irin wannan zama.

OMS ma ta bi wannan hanya. A 2022 ta fito da wani tsari na horar da masu renon yara ƴan shekara 2 zuwa 9 waɗanda girmansu ko maganarsu ta yi jinkiri. Zama 9 ne na taro, da ziyara 3 har gida, kuma mai koyarwa ba dole ne ya zama likita ba. Ana nuna wa uwa yadda za ta mai da wanka, da cin tuwo, da wasan ƙasa su zama darasi, yadda za ta gane abin da yaron da ba ya magana yake nufi, yadda za ta tari fushinsa tun bai ɓarke ba. An gwada tsarin a Habasha, a birnin Adis Ababa da karkarar Butajira, inda iyaye da yawa ba su yi karatu ba, aka sauƙaƙa shi don ya dace da su. A Zimbabuwe kuma, tun 2006, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna bisa benci a harabar gidan likita suna sauraren masu baƙin ciki. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna bayan wata 6, kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da tsofaffin ne ke da sauran alamun ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 50. Wannan aiki na manya ne, amma ya shafi maganar, domin uwar yaro mai ciwon ƙwaƙwalwa ita ma sau da yawa majinyaciya ce da babu mai tambayar lafiyarta.

Me uwa ke ba uwa wanda likita ba ya bayarwa? Da farko yarda. In ma'aikaci mai farar riga ya ce farfaɗiya ba ta yaɗuwa, ana jin sa da kunne ɗaya. In wata mace ta ce ga ɗanta nan, shekara 3 yana shan gardenal, bai sake faɗuwa ba, ya koma makaranta, suna cin abinci ƙwarya ɗaya da ƙannensa, wannan shaida ce da ido ya gani. OMS ta ce har mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in sun samu magani daidai, maganin kuma yana cikin masu araha. Abin da ke hana shi aiki shi ne a sha mako biyu a bari, ko don an ga sauƙi, ko don an ji wata magana a bakin rijiya. Ƴar'uwa cikin ƙungiya ita ke tambaya ko an sha na yau. Ita ke koya wa sabuwar zuwa cewa in yaro ya faɗi, a janye shi daga wuta, a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali ko tsumma a baki, kada a ɗura masa ruwa. Ita ta san ranar da ma'aikacin da ya iya abin yake aiki, da direban da ba ya ƙin ɗaukar irin wannan yaro. Kuma ita kaɗai ce za a iya bar wa yaron a je jana'iza a dawo, don ba ta tsoronsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa, to waɗannan mata ɗakinsu iri ɗaya ne.

Tushen da Nijar ke da shi

A nan ne ya kamata magabata su tsaya su duba, domin ƙasar nan ba ta rasa abin ɗora gini a kai ba. Tun cikin shekarun 1960, a jahar Maradi, aka soma zaɓen mutanen ƙauye ana horar da su su zama masu agajin farko da ungozomai, tun ba a yi taron Alma-Ata na 1978 ba, wanda ya mai da irin wannan aiki manufar duniya baki ɗaya. A Maradin dai, a 1991, ƙungiyar CARE ta kafa Mata Masu Dubara: mata su taru mako-mako, kowa ta zuba abin da ta iya cikin akwati, a ba da rance, a raba riba. Wannan dabara da ta tashi daga ƙauyukan Nijar ta bazu ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. A jahar Damagaram aka soma makarantun mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu. Ga adashi, ga gayya, ga fadojin matasa a kowace kusurwa. Jama'ar da ta saba da waɗannan ba sai an koya mata yadda ake taro ba.

Abin da ya rage shi ne a shigar da maganar yaran nan cikin waɗannan zaurukan. Ƙungiyar mata masu akwati tana haɗuwa kowane mako ko da babu kowa daga birni, tana da shugaba, da ma'aji, da dokokinta. Tana kuma da ɗan asusun taimako na ranar rashin lafiya ko rasuwa, wanda zai iya biyan kuɗin mota zuwa gidan likita sau ɗaya a wata. Amma akwai gyara: matar da ɗanta ke tsare da ita a gida ita ce ta farko da ke fita daga irin wannan ƙungiya, don ba ta samun zuwa, ba ta kuma da abin zubi. Saboda haka sai an neme ta har ɗaki, kuma zai fi kyau a bar iyayen irin waɗannan yara su yi nasu ƙaramin zama, na mutum 8 ko 10, kusa da ranar kasuwa ko ranar awon yara, sa'an nan babbar ƙungiya ta zama musu jigo.

Waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci suna da babban aiki a nan. Kowace ƙungiya tana bukatar mai riƙe littafi: ranar da yaro ya faɗi, sau nawa cikin wata, yaushe magani ya ƙare, yaushe za a koma. Ma'aikacin gidan likita da aka kawo wa irin wannan takarda, ko da Hausa ce aka rubuta ta, ko da ajami, ya fi gane inda aka kwana a kan wanda aka ce wa kawai “jiki dai da sauƙi”. Su ne kuma za su karanta wa sauran ƴan littattafan koyarwa, in an fassara su cikin harsunan ƙasa. Gidajen rediyon karkara, magadan ƙungiyoyin sauraren rediyo da aka kafa tun 1962, za su iya ba iyayen da suka yarda dama su yi magana da bakinsu. Malaman makarantun boko ma suna da ruwa a ciki, ko don faɗuwar ƴan mata a cikin aji da aka sha gani a garuruwa da dama, wadda kan sa a rufe makaranta a yi ta raɗe-raɗin aljani, ba tare da an zauna da yaran an ji abin da ke damunsu ba.

Inda gizo ke saƙa

Kada kowa ya ɗauka abin mai sauƙi ne. Cikas na farko kunya ce. Iyali da yawa sun gwammace su ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki da a ce an gan su a taron iyayen mahaukata. In aka laƙaba wa zaman irin wannan suna, ya mutu tun ba a haife shi ba. A Masaka an kauce wa wannan rami ta hanyar buɗe ƙofa ga iyalan da yaransu ba su da wata matsala, don kada zuwa taron ya zama tambari a goshin kowa. Sa'an nan a ƙauye, inda kowa ya san kowa, maganar da aka faɗa a zama in ta fita waje sau ɗaya, babu mai sake buɗe baki. Dokar riƙe asiri sai ta zama ta farko, kuma mai gari da liman su san da ita, su tsaya mata.

Na biyu maza ne. Mai gida ke ba da izinin fita, shi ke riƙe da kuɗin magani, shi ke cewa a ɗaure ko a kwance. Bayan girbi kuma da yawa suna tafiya cin rani, su bar mata da ɗawainiya ba tare da ikon yanke shawara ba. Ƙungiyar da ta tara mata kaɗai za ta rage musu zafin zuciya, amma ba za ta canza abin da ke faruwa da yaro ba sai uba ya shigo. Makarantun mazaje da majalisun bayan sallar la'asar su ne ƙofar shiga.

Na uku malamai da masu maganin gargajiya. Wasu ma'aikata suna ganin a yi gaba da su. Wannan kuskure ne, domin wurinsu ake fara zuwa, kuma za a ci gaba da zuwa. Wani bincike da aka yi a Ibadan da Kumasi, aka buga a 2020, ya haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci suna duba majinyaci tare, aka ga waɗanda aka yi musu haka sun fi samun sauƙi. Malamin da zai ce wa uba “a ci gaba da addu'a, a kuma ba shi ƙwayarsa kullum” ya yi aikin da ma'aikaci goma ba za su yi ba. Iyaka dai a fayyace abin da ba a yarda da shi: duka, da mari, da horon yunwa, da hana shan magani.

Cikas na huɗu shi ne mafi girma, kuma tarihin ƙasar nan ya riga ya nuna shi. Masu agajin farko na ƙauyuka sun yi aiki mai kyau muddin ma'aikacin gidan likita yana zagayowa yana duba su, akwatin magani kuma yana cika. Inda zagayen ya tsaya, akwati ya bushe, sai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Haka zai faru da ƙungiyoyin iyaye. Dukan gwaje-gwajen da aka ambata a sama, na Uganda da na Habasha da na Zimbabuwe, suna da masu bin sawu a kai a kai, masu jagoranci kuma an horar da su, ba tara su kawai aka yi aka ce su taimaki juna ba. Akwai haɗarin a ɗauki maganar taimakon kai da kai a mai da ita hujjar sauke nauyi, a ce tun da iyaye sun haɗa kai, hukuma ta huta. Uwar da ta shawo kan maƙwabciyarta ta yi tafiyar kilomita 20 da yaro a baya, suka tarar babu gardenal a kantin gidan likita, ta yi asarar mutuncinta, ƙungiyar kuma ta yi asarar mutum biyu. Yanke wannan magani farat ɗaya yana iya tayar da faɗuwa mai tsanani fiye da ta da. Akwai kuma yanayin da ya fi ƙarfin ƙungiya, kamar yaron da ke maganar kashe kansa, ko wanda ya daina ci da sha, ko wanda faɗuwarsa ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba. Mai jagoranci dole ya san waɗannan alamu, ya kuma san lambar wayar wanda zai kira.

Abin da ake bukata daga ofishin ministan kiwon lafiya da shugabannin likita na gundumomi ba gini ba ne, ba kuma manyan na'urori ba. Ma'aikaci ɗaya ne a kowace cibiyar kiwon lafiya da aka horar a wannan fanni, aka kuma rubuta ziyarar ƙungiyoyin iyaye cikin aikinsa na wata, da man babur na zuwa. Maganin farfaɗiya da na taɓin hankali su shiga jerin waɗanda ake ƙidaya ƙarewarsu kamar na zazzaɓi. Littattafan OMS a juya su cikin Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci. Majalisun ƙananan hukumomi su ba da ɗaki ko rumfa. Masu tsara aikin kuma su tuna da kalandar manomi: zama 16 a jere ba ya yiwuwa daga saukar damina zuwa girbi, sai dai a soma bayan an ɗaure dammunan hatsi, a gama kafin zafin bazara. Makiyaya da mazauna ƙananan tungaye, waɗanda gidan likita mafi kusa ke nesa da su da tafiyar yini, su kuma tasu hanyar daban ce, wataƙila ranar kasuwar mako ko lokacin taron shan gishiri na Ingal, inda ma'aikatan rigakafi suka riga suka saba iske su.